Sheƙar Tsuntsu a Tukunyar Sinawa, Kaza a Tsakar Gidanmu

Jama'a masu sauraro, na Likoro da Hunƙuyi da Kudan, na Maƙarfi da Ikara, da duk inda muryarmu ke kaiwa.  Sharhinmu na yau a kan abinci ne. Tukunyar da za mu ɗora a ƙasar Sin take, amma a nan gida za mu sauke ta.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa birnin Guangzhou saro kaya sun san wasu shaguna da ake jera wani abu fari-fari a cikin akwatunan gilashi, ana auna shi da ƙaramin sikeli, giram-giram. Wannan abu sheƙar tsuntsu ce, kuma ci ake yi. Kilo guda na mai kyau yakan kai dubban dalolin Amurka. Sinawa sun fi shekara 400 suna dafa ta, tun zamanin daular Ming wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, kuma har yau tana cikin abinci mafi tsada a duniya.

Na san wani zai ce, sheƙa kuma? Ciyawa da tsinke da gashi? To, wannan ta bambanta da wadda muka sani. Tsuntsuwar da ke yin ta 'yar uwar tsattsewa ce, tana zaune a ƙasashen Indonesiya da Malesiya da Tailan da Biyetnam, a cikin manyan koguna masu duhu. Da yawun bakinta take gini. Tana zuba shi zare-zare a jikin dutse, yana bushewa yana ƙarfi, ta ƙara wani a kai, har fiye da wata guda, sai ya zama ɗan ƙoƙon da bai wuce tafin hannu ba, nauyinsa bai cika giram 10 ba. A ciki take saka ƙwanta. A kogon Gomantong na jihar Sabah da kogon Niah na jihar Sarawak, duka a tsibirin Borneo, mutane na hawa tsani na gora da igiya, tsayin da ya haura mita 60, cikin duhu da santsin kashin tsuntsu, don su ɓamɓaro ta. Akwai waɗanda suka faɗo suka rasa ransu a wannan nema. Da aka yawaita ɗiba har tsuntsayen suka ragu a wasu koguna, hukuma ta sa doka a kan lokacin girbi, mutane kuma suka koma gina wa tsuntsayen gidaje na siminti marasa taga, su kafa lasifika tana kukan tsuntsu dare da rana don ta jawo su ciki. Yanzu mafi yawan sheƙar da ke kasuwa daga irin waɗannan gidaje take fitowa, kuma Indonesiya ce kan gaba a duniya wajen samar da ita. Da yake ƙasar Musulmi ce, sai da majalisar malamanta ta zauna a kan lamarin, ta ba da fatawa a 2012 cewa cin ta halal ne, matuƙar an wanke ta daga ƙazanta.

Ku biyo ni madafa, don nan ne maganar take. Mai dafawa za ta jiƙa sheƙar a ruwa na sa'o'i, wani lokaci ta kwana. Idan ta kumbura ta yi laushi, sai ta zama kamar siririyar taliya da ta sha ruwa. Daga nan a zauna da ɗan hantsaki ana tsince gashin tsuntsu da ɓarɓashin datti ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin ido da haƙuri. A gefe guda an riga an ɗora kaza, kuma tsohuwar kaza suka fi so, don ta fi ba da romo. Wuta kaɗan-kaɗan, da 'yar citta, ana kwashe kumfa da maiƙo har romon ya yi garau ana hango ƙasan tukunya. Sai a zuba sheƙar da romon a wani ƙaramin kasko mai murfi, a saka kaskon a cikin babbar tukunya mai ruwa, a bar tururi ya dafa shi a hankali ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Wasu kan niƙa tsokar ƙirjin kaza ta yi laushi, su haɗa da farin ƙwai su zuba a ciki. Wasu kuma da sukari suke dafa ta, a sha bayan abinci. A nan ina jan hankalin matafiyanmu: sau da yawa akan sa busasshen naman alade a irin wannan romo don ƙarin ɗanɗano, saboda haka Musulmi ya tambaya kafin ya kai cokali baki.

Me ya sa sai da kaza? Saboda ita sheƙar kusan ba ta da ɗanɗanon komai. Santsi ne kawai a harshe. Duk daɗin da mai sha zai ji, da ƙamshin, da ɗumin da zai ratsa shi, na kazar ne. Su kansu Sinawa sun daɗe da sanin haka. Wani masanin abinci mai suna Yuan Mei, a littafinsa na girke-girke da ya fito a 1792, ya soki masu kuɗin zamaninsa da cewa da kunne suke cin abinci, wato sunan abu da tsadarsa suke bi, ba su damu da abin da harshe ya ji ba. Ya ba da labarin wani babban jami'i da ya gayyace shi liyafa, aka cika manyan kwanuka da sheƙa zalla an dafa da ruwa, salam, baƙi kuwa suna ta yabo saboda sun san kuɗin da aka kashe. Ko a fadar Sarki Qianlong, wanda ya hau mulki a 1735, takardun madafar fada sun nuna da kaza ko agwagwa ake yawan haɗa masa ita.

Batun amfani kuma, Sinawa sun yarda tana gyara huhu, tana sa fata sheƙi, tana mayar wa majinyaci da mai jego ƙarfi. Masu bincike sun auna ta, sun ga kusan kashi 60 cikin 100 furotin ne, wato sinadarin gina jiki, tare da wani sinadari da ake ta nazari a kansa. Mafi yawan gwaje-gwajen a ɗakin bincike da jikin dabbobi aka yi su. Amma ga lissafin da ko ɗan firamare zai yi: sheƙar da ba ta cika giram 10 ba, furotin ɗin da ke cikinta bai wuce giram 6 ba. Ƙwan kaza guda ɗaya, wanda kazarki ta saka a bayan rumbu da safen nan, yana da furotin kusan giram 6. Kuma tsada ba ta hana cuta ba: a 2011 hukumomin Sin sun gano wani sinadari mai cutarwa ya yi yawa a cikin jar sheƙa, wadda a da ake cewa ta fi kowacce daraja, har suka dakatar da shigo da sheƙa daga Malesiya na tsawon lokaci.

Ban kawo wannan don in raina abincin mutane ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai ma abin da ya burge ni ƙwarai a al'adarsu. Idan mace ta haihu a ƙasar Sin, wata guda take yi tana hutawa a ɗaka, kuma duk gidan, mai kuɗi da talaka, abin da ya dame su shi ne me za ta ci yau. Mai hali ya sayo sheƙa, marar hali ya kawo kaza, amma kazar nan ba ta yankewa. Har wata irin kaza gare su mai baƙar fata da baƙin ƙashi da suke ware wa masu jego da marasa lafiya.

To mu dawo Likoro. Wane gida ne a ƙasar Kudan ko Maƙarfi za ka shiga ba ka ga kaji suna tono a tsakar gida ba? Ga zabi da damina suna zuba ƙwai, yara na talla a bakin titin Zariya zuwa Kano. Ga tantabaru, ga agwagi a gidajen da ke kusa da fadama. Muna noma masara da dawa da waken suya, dusar da kaza ke buƙata ba sayowa muke yi daga wata ƙasa ba. Citta kuwa, jiharmu ce gidanta, daga Kachia da Kafanchan ake loda ta zuwa ƙasashen waje. Abin da ke yin aiki a waccan tukunya mai tsada, duk Allah ya ajiye mana shi a ƙofar ɗaki. Tambayata ita ce, wa ke cin kazar?

Mu faɗa wa juna gaskiya. Baƙo ne ke cin ta, in ya zo daga nesa. Ana yanka ta da salla. Sauran kuma kasuwa ake kai su, dillalai su ɗaure a kwando su wuce da su Sabon Gari ko Kaduna ko Kano, a gasa wa mutanen birni. In za a kai amarya, iyaye mata ba sa rasa kuɗin kaza ta musamman da kayan haɗinta, kome tsadarsu. Ban ce a daina ba. Amma wannan yarinya dai, bayan shekara guda, in ta haihu, ta zubar da jini, ga jariri yana tsotso dare da rana, sau nawa ake yanka mata kaza a cikin kwana 40 ɗin nan?

Za a ce ai akwai ƙauri, akwai ragon suna. Haka ne, kuma al'ada ce mai kyau da iyayenmu suka kafa don mai jego ta samu abin mayar da jiki. Amma ku dubi yadda abin ya koma. Ƙaurin da maigida ya sayo, kafin a kai wa dangin miji, a kai wa maƙwabta, a sallami 'yan barka, abin da zai rage wa mai haihuwar ɗan kaɗan ne. Naman suna ma haka, tsoka-tsoka ake ƙullawa ana aikawa gida-gida don kada a ce an yi rowa. Ranar suna an ci an sha, an yi anko, an ɗauki hoto. Kwana 10 bayan nan ka leƙa ɗakin, kunu ne da tuwo miyar kuka da yaji, shi ke nan har a yi arba'in.

Wannan magana tana da nauyi a yankinmu fiye da ko'ina, kuma ga dalili. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Tun daga lokacin sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci na duniya a matsayin ɗaya daga wuraren da wannan ciwo ya fi yawa. Su a nasu binciken sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake duba lamarin, suka ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki suna da babban hannu a ciki, musamman ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jinin matan. Ƙwai da kaza da kifi da nama suna cikin abincin da ke ɗauke da wannan sinadari. Farfesu ba zai warkar da ciwon zuciya ba. Duk mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, asibiti za a kai ta ranar, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata kanwa da ruwan zafi. Amma jikin da aka ciyar da kyau tun daga goyon ciki ya fi jure wahalar haihuwa, wannan kowace ungozoma za ta shaida.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa, kashi 37 cikin 100 sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57. Fiye da rabi ke nan. Kuma har gobe akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai zai koyi sata. Inna, don Allah a bar wannan magana. Tarbiyya ce ke hana sata, ƙwai kuwa ƙwaƙwalwa da ƙashi yake ginawa. Daga wata 6, jariri na iya cin dafaffen ƙwai da aka marmasa masa a cikin kunu ko fate.

Cin abinci da kunne da wancan Basine ya yi kuka da shi shekaru fiye da 200 da suka wuce, mu ma yana damunmu. Ranar kasuwa za ka ga mota da lasifika, ko wani ya zo da jaka cike da kwalabe masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa, ya ce daga Sin ne, ko daga Indiya, ko daga Misira, yana ƙara jini, yana wanke ciki, yana maganin cuta 40. Magidanci ya zaro kuɗin da ya isa ya sayi kaji 2 da ƙwai kiret guda ya miƙa, ya tafi gida yana jin ya yi wa iyalinsa gata. Da yawa daga waɗannan kaya ko lambar hukumar NAFDAC babu a jikinsu. Abin da ya zo daga nesa yana da kwarjini a idonmu, na gida kuwa mun saba ganinsa har mun daina ganin darajarsa. Ba zan yi mamaki ba in gobe wani ya ɓullo da kwalba ya ce ruwan sheƙar tsuntsu ne, don a can ana sayar da ita a kwalabe, kuma jabunta ya yi yawa. In ya zo, ku tuna da lissafin ƙwan nan. Yara kuma kada ku ji wannan shiri ku je kuna farfasa gidan tsattsewa a ƙarƙashin gada ko a jikin giginya. Namu da laka da gashi da ciyawa suke gini, ba a ci.

Abin da za mu ara a wajen Sinawa shi ne yadda suke dafa wa marar ƙarfi. Farfesunmu na kazar gida, da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da 'yar daddawa, ba ya jin kunyar shiga ko'ina. Sai dai mukan cika masa barkono da mai da dunƙulen ɗanɗano, majinyaci ya kurɓa sau 2 ya ture. Ga mai jego ko tsoho ko wanda ya tashi daga zazzaɓi, a rage wuta, a rage gishiri, a kwashe maiƙon da ya taso, a bar kazar ta dahu har tsoka ta saki ƙashi. Wadda ke son gwada dabarar tururi, ta zuba yankakken naman da kayan ƙamshi da ruwa kaɗan a kwano mai murfi, ta saka shi a cikin tukunya mai ruwa ta rufe, ta bar shi kamar sa'a 2. Kuma a ba ta tsokar ta ci, kada a ce romo kawai, don ƙarfin yana cikin naman.

Na san abin da maigida zai ce: Malam, kaza ita ce bankin talaka. Da ita ake sayen littafin makaranta, da ita ake biyan kuɗin magani, kuma galibi ma ta matan ce, ba tawa ba. Gaskiya ne, ban musa ba. To in tata ce, ka saya a hannunta da kuɗinka ka yanka mata, ciyarwa ai a wuyanka take. Ciki wata 9 ne, ba ya zuwa ba zato. Mai rake ya san lokacin da zai sara, mai tumatir ya san lokacin da zai kwashe. Wanda ya iya tanadin ragon suna da atamfar fitar suna, zai iya ware 'yan tsaki 10 tun ciki na wata 3, ya ce waɗannan na jego ne, ba na kasuwa ba.

Babban abin da ke karya wannan tanadi shi ne annobar da ke shigo wa kaji da hunturu. Kun san ta: kaza ta yi ta gyangyaɗi, ta saki fukafukai, tana koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako guda gida ya zama wayam. Shi ya sa da sanyi ya kama kowa ke rige-rigen kai nasa kasuwa a sayar da arha. Wannan cuta tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin wani nau'i da aka tsara don kajin karkara, mai jure zafi, ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha, ana maimaitawa bayan 'yan watanni. Kwalba guda tana isar kajin gidaje da yawa, saboda haka unguwa guda na iya haɗa kuɗi ta kira malamin dabbobi rana ɗaya. Kuma mu ba mu da uzurin nisa: tsangayar likitan dabbobi tana Samaru, cibiyar binciken kiwo ta NAPRI, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, tana Shika, duk tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Likoro. Kazar da ta riga ta kamu kuwa, kada a yi saurin sa mata wuƙa a ce a kai wa mai jego. A jiharmu, a wata gona da ke Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a nahiyar Afirka a farkon 2006, kuma ita tana kama mutum. In kaji suna mutuwa da yawa lokaci guda, a binne su, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Saboda haka ina kira ga magidanta, da iyayenmu mata da ke riƙe da ragamar jego, da limamai da masu unguwanni da ake jin maganarsu. Duk gidan da ke da mai ciki, a yi wa kaji rigakafi kafin iskar hunturu ta taso. A ware na jego tun yanzu. In an sauka lafiya, a cire wa mai haihuwa rabonta na ƙauri da na suna kafin a fara rabo, a yanka mata kaza ko da sau ɗaya a mako har ta yi arba'in, a ba ta ƙwai kullum, a sassauta kanwa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.